8, 10, 12 ko 15? Yadda Ake Zaɓen Ƙarfin Madubin Hangen Nesa Don Farautar Dabbobin Ɓarna

Madubin hangen nesa na farko da na saya, a bakin titi na same shi, shimfiɗe kan leda tare da tocila da batura. An rubuta masa 20x50 da farin fenti, gilasansa jajaye suna ɗaukar ido. Mai kayan ya ce, "Malam, wannan na sojoji ne. Daga nan sai ka ƙirga haƙoran akuya a bayan gari." Na biya ba tare da dogon ciniki ba. Da na kai shi gona don in gano ta inda kuregu ke shigowa suna tone mini gyaɗa, ban yi minti biyar ba kaina ya fara sarawa, kuregen kuwa sai ƙurarsa na gani. Daga baya na auna, ashe ko ninki 9 madubin bai kai ba. Abin dariyar shi ne, da gaskiya aka rubuta a jikinsa da wahalar ta fi haka, domin ninki 20 ba ya riƙuwa a hannu.

Waɗanda suka fi kowa tauna wannan magana su ne maharban Amurka. A can farautar dabbobin da ke ɓarna a gonaki da wuraren kiwo fanni ne mai zaman kansa, da bindigoginsa da kayan aikinsa. Dabbobi uku suka fi nema. Akwai wani ɗan uwan kurege da ke zama gari guda a filayen Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana, wanda suke wa laƙabi da karen fili saboda kukansa kamar haushin ɗan kwikwiyo. Akwai wani jibgegen kuregen kuma mai tona rami a gonakin ciyawa na gabas, wajen Fensilbeniya da Ohayo. Sai koyoti, dilan ƙasarsu, mai ɗauke 'yan tumaki. Kowace ɗaya da irin madubin da ya dace da ita, kuma dalilan da suka raba su su ne za su yi maka jagora ko a ina kake.

Fara da karanta lambar

A jikin kowane madubi akwai lamba biyu, misali 8x42. Ta farko ita ce yawan ninkin da yake jawo abu. Ka raba nisan abin da ita, ka sami yadda zai bayyana a idonka. Dabbar da ke nisan mita 400 za ta zama kamar tana mita 50 a ninki 8, mita 40 a ninki 10, kusan mita 33 a ninki 12, kusan 27 a ninki 15. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga.

Duk wanda ya tsaya nan zai ce ai babbar lamba ta fi. Amma kowane ninki da ka ƙara akwai abin da kake bayarwa a madadinsa: faɗin abin da kake gani yana raguwa, haske yana raguwa, rawar hannu tana ƙaruwa, nauyi yana ƙaruwa, kuma za ka riƙa murza saiti a kai a kai saboda abin da ke kusa da wanda ke nesa ba sa fitowa tar a lokaci guda.

Mataki na farko: a kan me gwiwar hannunka za ta zauna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nisa muhimmanci, shi ya sa na sa ta a gaba. Madubi ba dabbar kaɗai yake ninkawa ba, har da bugun zuciyarka da numfashinka da karkarwar damtsenka. Ido mai lafiya yana iya rarrabe abu mai faɗin santimita 3 a nisan mita 100. A lissafin takarda ke nan, ninki 8 ya isa ya nuna maka abin da bai kai santimita 2 ba a nisan mita 400, balle kan kurege da ya leƙo daga rami. To me ya sa ba a gani? Saboda hoton ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Idan a tsaye za ka riƙa dubawa, kana tafe kana tsayawa, bindiga a kafaɗa, wani lokacin ma da hannu ɗaya, to ninki 8 naka ne. Idan mafi yawan lokaci a zaune kake, bayanka jingine da itace ko dutse, gwiwoyin hannu kan gwiwoyin ƙafa, ninki 10 zai zauna lafiya. Ninki 12 yana kan iyaka: wasu na iya riƙe shi na ɗan lokaci, amma in za a daɗe ana dubawa sai an ɗora shi a kan wani abu, ko sanda, ko tagar mota, ko buhun yashi. Daga 15 zuwa sama kuwa babu zancen hannu, sai a kan ƙafa-uku irin ta masu ɗaukar hoto. Yawancin manyan madubai suna da ramin ƙusa a gaban maɗaurin tsakiya, a rufe da ɗan murfi, inda ake ɗaura ƙarfen da ke haɗa su da ƙafa-ukun.

Kada ka yarda da maganata, ka gwada. Manna shafin jarida a bango, ka ja baya taku 30. Karanta shi da ninki 8, sannan 10, sannan 12, a tsaye. Daga nan ka yi tafiya da sauri ta minti uku, ko ka hau bene ka sauko, ka dawo kana haki ka sake karantawa. Mutane da yawa a nan suke gano cewa layin da suka karanta da 8 sun kasa karanta shi da 12. A daji kuwa kullum cikin haki kake, ba a hutawe ba. Sannan ka ɗora ninki 10 a kan katanga ka sake duba jaridar. Bambancin da za ka gani ya fi na tsakanin 10 da 15 a hannu.

Akwai madubai masu batir da ke kashe rawar hannu da kansu. Kamfanin Canon yana yin su tun daga 8x20 har 18x50, ka danna maɓalli hoto ya tsaya cak. Suna aiki ƙwarai, sai dai ga tsada, ga dogaro da batir, kuma ba su da juriyar faɗuwa kamar na gargajiya.

Mataki na biyu: wace dabba, a wane irin fili?

Mai harbin karen fili ba ya yawo. Yakan kafa tebur a gefen garin ramukan, ya ɗora bindiga a kan buhunan yashi, ya wuni a zaune. Filin a buɗe yake, babu itace, ciyawar gajeriya. Dabbar ba ta wuce tsawon santimita 30 zuwa 40 ba, launinta kuma launin ƙasar da ta tono, tana iya kasancewa a mita 300 ko 400 ko fiye. Ga nisa, ga ƙanƙanta, ga wurin kafa ƙafa-uku, ga rana tsaka da haske a wadace. A nan ne 12x50 da 15x56 suke cin kasuwarsu. Galibi mutum biyu suke zuwa, ɗaya na harbi, ɗaya na kallo ta madubi yana gaya masa inda harsashi ya tada ƙura, hagu ko dama, sama ko ƙasa. Mai kallon nan ya fi jin daɗin madubi mai ido biyu fiye da doguwar na'ura mai ido ɗaya, don wuni guda da ido ɗaya a runtse ba ƙaramar azaba ba ce.

Babban ninki a wannan fili yana da wani amfani da ya wuce nemo abin harbi. Akwai wata ƙaramar mujiya mai dogayen ƙafafu da ke zama a tsofaffin ramukan karen fili, tana tsayawa a bakin rami kamar yadda shi ma yake tsayawa. Dokar tarayyar Amurka ta hana kashe ta. Daga mita 350, a ido ko a madubi mai rawa, ita da shi duk dunƙule ɗaya ne. Haka nan a waɗannan ramuka ne wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, take rayuwa; an ɗauka ta ƙare a duniya sai da aka sake gano ta a Wayomin a 1981. Karen filin jihar Yuta shi ma yana ƙarƙashin kariyar doka. Aikin madubi ke nan na farko: ka tabbatar da abin da kake kallo.

Mai neman jibgegen kuregen gabas kuwa tafiya yake yi a gefen gonaki, ya tsaya ya duba bakin shinge da gindin tsibin duwatsu, ya ƙara gaba. Dabbar ta fi girma, tana kai kilo uku zuwa biyar, gonakin kuma itatuwa sun yanka su gunduwa-gunduwa. 10x42 aka fi ɗauka, kuma da dalili: yana jawowa yadda ya kamata, yana rataya a wuya ba tare da ya karya shi ba.

Koyoti shi ne ya juya lissafin. Kiransa ake yi da usur mai kwaikwayon kukan zomon da ya shiga uku, sai ya taho da kansa, da asuba ko dab da magariba, sau da yawa a guje, ta inda ba ka zata ba. Abin da kake bukata a nan faɗin gani ne. Madubi mai ninki 8 yakan nuna fili mai faɗin kimanin mita 130 zuwa 140 a nisan mita 1,000. Mai ninki 10, kimanin 110. Mai ninki 15, wajen 75. Ka dawo da wannan zuwa mita 100, sai ka ga 8 yana ba ka kusan mita 13 da rabi, 15 kuwa mita bakwai da rabi. Dila mai sassarfa zai ratsa mita bakwai kafin ka gama murza saiti. In aka yi lissafin faɗi da tsawo gaba ɗaya, abin da 8 yake nunawa ya ninka na 15 fiye da sau uku. A kwalin wasu madubai za ka ga an rubuta faɗin da ƙafa a kan yadi 1,000. Raba lambar da uku, ka sami mita. In da digiri aka rubuta, ninka da 17.5.

Manomin da ke wajenmu, wanda jan biri ke shigar masa masara ko kurege ke tone masa gyaɗa ko dila ke masa ɗauki ɗaiɗai a kaji, ya fi kusa da mai koyoti fiye da mai tebur. Gona ce da kunya da sabara da kargo, da wuya ka ga abin da ya wuce mita 200, bindigar toka kuma ko kusa da haka ba ta kaiwa. Abin da ake so a gano shi ne ta ina suke shigowa, da wane lokaci, ina ramin yake. Ninki 8 ya wadatar. Gafiya da beguwa kuwa 'yan dare ne, madubi ba shi da abin da zai yi maka a kansu.

Mataki na uku: da wane lokaci za ka fita?

Riƙe madubi nesa da fuskarka, ka fuskanci sama mai haske, ban da wajen rana. A cikin gilashin ido za ka ga ɗan ɗigon haske zagayayye. Ta wannan ɗigon ne duk hasken yake shiga idonka. Faɗinsa kuwa lissafi ne mai sauƙi: raba lamba ta biyu da ta farko. 8x42 yana ba da milimita 5.25, 10x42 ya ba da 4.2, 10x50 ya ba da 5, 12x50 ya ba da kusan 4.2, 15x56 ya ba da 3.7, ɗan ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5 kacal.

Ƙofar da ke tsakiyar baƙin idon mutum takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da rana, ta buɗe a duhu har wajen 7 ga matashi, ta tsaya kusan 5 ga wanda ya manyanta. Da rana tsaka duk madubin nan haskensu ɗaya ne a idonka, domin ko ɗigon ya fi ƙofar faɗi asarar haske kawai ake yi. Amma da sanyin asuba ko bayan rana ta faɗi, mai ɗigon 2.5 zai yi duhu tun kana iya ganin hanya da idonka. In farautarka ta asuba da magariba ce, kada ka sauka ƙasa da 4, in da hali ka nemi 5. In kana son ninki 10 da haske tare, 10x50 ne amsar, ka haƙura da ƙarin nauyi. Dattijo kuma kada ya ɓata kuɗi a kan 7x50 don ɗigonsa ya wuce 7, idonsa ba zai buɗe ya karɓa ba.

Faffaɗan ɗigo yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Yana yafe maka in idonka bai daidaita da gilashi sosai ba. Ƙaramin ɗigo kuwa da ka ɗan motsa sai baƙi ya rufe gefe.

Mataki na huɗu: iskar da ke tsakaninku

Wannan babu kuɗin da ke maganinsa. In ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke samanta takan yi ta rawa, abin nan da ke jawo kawalwalniya a kan kwalta. Madubi yana ninka wannan rawar daidai yadda yake ninka dabbar. Da hantsi ninki 15 zai nuna maka gashin bakin karen fili. Da azahar a wuri ɗaya sai ka ga kamar a cikin tafasasshen ruwa yake iyo, mai ninki 10 ya fi ka gani. Maharban nesa sukan mai da wannan abin amfani: in rawar tana tashi tsaye babu iska, in ta karkata gefe iska na kaɗawa ta can. Amma wajen nemo dabba cikas ce. A ƙasa mai zafi irin tamu, ga hazon hunturu a kai, kwanakin da ninki 15 zai nuna ƙarfinsa ba su da yawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ba mutumin Katsina ko Damagaram shawarar ya tsaya a 8 ko 10.

Mataki na biyar: nauyi, da tabarau

8x42 da 10x42 sukan yi gram 650 zuwa 850. 15x56 yakan kai kilo ɗaya da gram ɗari biyu, ban da ƙafa-ukunsa. Madubin da ya yi maka nauyi a mota za ka riƙa barinsa. In za ka yi tafiya mai nisa, nemi maɗaurin ƙirji mai ratsa kafaɗu biyu maimakon igiyar wuya.

Mai sa tabarau ya duba tazarar da aka ba ido daga gilashi, ana rubuta ta a milimita. Ƙasa da 15 ba za ka ga dukkan faɗin ba sai ka cire tabarau. Ka murɗa kofunan ido su koma ƙasa, ka duba da tabaranka a fuska kafin ka biya.

Mataki na shida: gwajin kasuwa

Nan ne aka cuce ni, don haka bari in daɗe. Lambobi irin 30x60 ko 60x90 a jikin ɗan madubin da bai fi tafin hannu ba ƙarya ce tsagwaronta. Sa ruler a gilashin gaba ka gani ko ya kai abin da aka rubuta. Sannan ka nemi bangon bulo. Dubi bangon da ido ɗaya ta cikin madubi, ɗaya idon a buɗe a waje. Hotuna biyu za su hau kan juna. Ƙirga layukan bulo nawa na ido tsirara suka shiga cikin layi ɗaya na madubi. Wannan adadin shi ne ninkin gaskiya. Haka na gano nawa bai kai 9 ba.

Sake duba ɗigon hasken nan. In zagayayye ne tas, gilashin ciki mai kyau ne. In gefensa ya yi inuwa mai kusurwa huɗu, za a rasa haske a gefe. Gilashin gaba mai ja ko ruwan lemo mai ƙyalli kuwa ado ne, hasken da ya kamata ya shiga yake mayarwa waje, ya bar maka hoto mai kore-kore. Shafe mai kyau, wato abin da ake shafa wa gilashi don haske ya shiga, ba ya ɗaukar ido, duhun kore ko shunayya yake yi.

Sai daidaiton idanu biyun. Dubi wayar lantarki ko bakin kwanon rufi, ka janye madubin daga fuskarka a hankali kamar faɗin tafi. In layin ya karye, ɓangaren hagu ya fi na dama tsawo, ajiye shi. Idonka zai yi ta ƙoƙarin haɗa hotunan, abin da ya sara mini kai ke nan. Wannan cuta ta fi kama masu maɓallin ƙara ninki, irin 10-30x50, waɗanda kuma faɗin ganinsu ƙunci ne ko a ƙaramin ninki. Ban ba kowa shawarar su ba.

In kuɗinka ƙayyadadde ne, sa shi a ingancin gilashi maimakon yawan ninki. Swarovski na Ostiriya da Zeiss da Leica na Jamus su ne a sama, farashinsu ma a sama yake. Nikon da Vortex da Bushnell suna da masu matsakaicin kuɗi da ke aiki lafiya. Ka nemi wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa, domin abin da ya hana ruwa shi ke hana ƙura.

Bayan ka saya

Saita shi da idonka tukuna, don idanu biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Buɗe ko matse maɗaurin tsakiya har da'ira biyu su zama ɗaya. Rufe gilashin gaba na dama da tafi, ka murza saitin tsakiya har abu ya fito wa idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka murza zoben da ke jikin gilashin ido na dama, ba tare da taɓa na tsakiya ba. Ka lura da inda zoben ya tsaya, ka sa masa alama.

A fili kada ka riƙa share wuri da madubi kamar mai fesa magani. Tsayar da shi, idonka ya yi yawo cikin da'irar, sannan ka matsa rabin da'ira ka sake tsayawa. Ba dabba sukutum kake nema ba: kunne, wutsiya, sabuwar ƙasa a bakin rami, motsin da ya saɓa wa na iska.

Madubin saiti da ke kan bindiga ba na neman dabba ba ne. Duk abin da ka kalla ta cikinsa ka nuna shi da bakin bindiga, abin nan da ke motsi a cikin dawa kuwa yana iya zama yaro mai kiwo ko mace mai itace. Da madubin hannu ake dubawa, a tabbatar da dabbar da abin da ke bayanta, sannan a ɗaga bindiga. Rana kuma ba a kallonta ta cikinsa ko na ƙiftawar ido, makanta take jawowa.

A Nijeriya riƙe bindiga sai da lasisi, gandayen dajin gwamnati irin Yankari kuma ba a farauta a cikinsu. Sannan a yadda tsaro yake a wasu yankunanmu, baƙon da aka hango a kan tudu yana leƙen gari da madubi zai sha tambayoyi kafin a saurari bayaninsa. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, ka tafi da ɗan gari.

Ni yanzu 8x42 nake ratayawa, da ɗan burushi mai laushi a aljihu. Ƙurar hunturu yashi ce. In ka goge gilashi da bakin riga tana kai, ka kankare shafen ke nan. Sai an hure, an kaɗe da burushi, sannan a sa ƙyalle.